Kuɗin Jama'a da Ilimin Malami: Lacca kan Asusun Tallafa wa Malaman Makarantun Gwamnati

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin makarantu, malamai maza da mata, iyayen yara, da sauran waɗanda suka bar hidimominsu suka zo, ina yi muku godiya, ina kuma roƙon ku yi haƙuri da ni idan na daɗe a wasu wurare, domin batun da aka ɗora mini yana da rassa da yawa.

An nemi in yi magana a kan kuɗin da jama'a ke tarawa da kansu, ta hanyar gidauniya ko ƙungiya ko wani asusu na musamman, domin a horar da malaman makarantun gwamnati, a kuma buɗe musu hanyar ƙaro sani. Na san akwai tambayar da ke zukatan wasunku tun kafin in buɗe baki: makaranta ta gwamnati ce, gwamnati ce ke karɓar haraji, to me zai sa jama'a su sake sa hannu a aljihu? Tambayar tana kan hanya, kuma rabin amsarta yana cikin tarihin yadda irin wannan asusu ya samo asali.

A shekarar 1914, a birnin Cleveland na ƙasar Amurka, wani lauya kuma ma'aikacin banki mai suna Frederick Goff ya kafa gidauniyar da ake ɗauka ita ce ta farko irinta. Abin da ya dame shi shi ne yadda masu hali ke mutuwa su bar wasiyya a kan wata buƙata, zamani ya shuɗe, buƙatar ta gushe, dukiyar kuma ta zauna a ɗaure ba ta amfani kowa ba. Sai ya ce a tara gudummawar masu rai da wasiyyar mamata wuri guda, a juya uwar kuɗin, a riƙa kashe ribar, kuma wani kwamiti na mutanen gari ne zai riƙa duba inda buƙatar take a kowane zamani. Asusun da ya keɓanta ga makarantu ya zo daga baya, kuma wahala ce ta haife shi. A 1978 masu zaɓe a jihar Kalifoniya suka amince da dokar da ta ƙayyade harajin gidaje da filaye a kan kashi 1 cikin 100 na darajarsu, alhali wannan haraji shi ne babban abin da makarantu ke dogaro da shi. Kuɗin shiga ya faɗi warwas. Shekara guda bayan haka aka kafa asusun ilimi na birnin San Francisco, sannan a 1983 Gidauniyar Ford ta zuba kuɗi domin a kafa ire-irensa a birane da dama, kuma yawancinsu da ƙananan tallafi ga malaman aji suka fara.

Dalilin da ya sa suka fara da malamai ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yanke kasafin kuɗin ilimi. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, ba a iya taɓa albashi ba tare da an yi rigima ba, rufin da ke yoyo kuma kowa na ganinsa, amma kuɗin horar da malamai ana iya share shi da alƙalami a dare ɗaya, babu wanda zai fito titi. Illarsa ba ta bayyana sai bayan shekaru, lokacin da malamin da ya fita daga kwaleji shekara 20 da suka wuce yake koyar da abin da aka koya masa, da salon da aka koya masa, ga yaran da duniyarsu ta canja. Ko a ƙasa mai arziki irin Amurka, binciken ma'aikatar ilimi ya nuna cewa a zangon karatu na 2014 zuwa 2015, kashi 94 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati sun sayi kayan aiki da kuɗin aljihunsu ba tare da an mayar musu ba, kimanin dala 479 kowane mutum. Wani malamin unguwar Bronx ta New York, Charles Best, ya buɗe shafin DonorsChoose a intanet a shekarar 2000 domin malami ya rubuta abin da ajinsa ke buƙata, duk mai niyya ya taimaka. Shafin ya yi nasara ƙwarai, kodayake ni a ganina nasararsa abin yabo ce ga masu bayarwa, abin kunya kuma ga hukumomi.

To, kuɗin ya taru. Me za a yi da shi? A nan nake so mu zauna, domin a nan ake asarar mafi yawan abin da jama'a suka tara da gumi.

Zuciyar mai bayarwa tana karkata ga abin da ido ke gani. Yana so ya ga kujeru, ya ga kwamfuta, ya ga fenti, ya ga sunansa a jikin bango. Amma an gwada wannan hanya a wurare da yawa, kuma sakamakon bai goyi bayan zuciyar ba. A Tanzaniya an yi gwaji a makarantun firamare 350, aka ba wasu kuɗin kayan aiki kaɗai, aka ba malaman wasu lada gwargwadon ƙoƙarin ɗalibansu, aka haɗa wa wasu duka biyun. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa kuɗin kayan aiki shi kaɗai bai ɗaga sakamakon jarrabawa ba, sai a inda aka haɗa shi da abin da ya taɓa malamin kai tsaye. A Indiya da Zambiya kuma an gano wani abu da ya fi ba ni mamaki: idan tallafi ya zo ba zato, yara sukan amfana, amma idan iyaye suka san yana tafe, sai su rage abin da suke kashewa a kan littattafai da kayan rubutu, a tashi babu riba babu faɗuwa. Littafi iyaye na iya saye. Ƙwarewar malami kuwa babu uban da zai iya sayo ta a kasuwa ya kawo wa ɗansa, shi ya sa kuɗin da aka sa a nan ba ya maye gurbin na kowa.

Sai dai kada wani ya fita daga ɗakin nan yana cewa na ce duk abin da aka kira horo alheri ne. Mafi yawansa ɓata lokaci ne, kuma malaman da ke zaune a nan sun fi ni sani. Kun san irin taron bitar da nake nufi. Ana tara mutum ɗari biyu a babban ɗaki, malamin lissafi na aji shida yana kusa da malamar da ke koya wa 'yan shekara shida haɗa baƙi, wani baƙo da ya daɗe rabonsa da riƙe alli ya tsaya yana karanto abin da ke kan majigi tun safe har la'asar, a sa hannu a takardar halarta, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Ranar Litinin kowa ya koma ajinsa ya ɗora daga inda ya tsaya, kamar an shuka dusa. A 2015 wata ƙungiya mai suna TNTP ta bi diddigin malamai fiye da 10,000 a wasu manyan gundumomin ilimi na Amurka, ta tarar ana kashe kusan dala 18,000 a kan horar da kowane malami a shekara, malamin kuma yana ba da kimanin kwana 19 na aiki, amma uku ne kacal cikin goma aikinsu ya inganta sosai a cikin shekara biyu zuwa uku. Gidauniyar Gates da wasu gundumomi sun kashe dala miliyan 575 a kan wani babban shiri na auna malamai da inganta su, kuma cibiyar RAND da ta duba shirin ta bayar da rahoto a 2018 cewa bai cim ma abin da aka sa a gaba ba game da sakamakon ɗalibai. Idan masu wannan ƙarfi sun zuba wannan dukiya kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, ƙaramin asusun jama'a ba shi da sisin da zai yi wasa da shi.

Abin da ke aiki sananne ne, kuma ba ya da ƙyalƙyali. A 2007 wasu masana sun tace bincike fiye da 1,300 a kan horar da malamai, tara ne kawai suka cika sharuɗɗan inganci, kuma a cikin taran, horon da bai wuce awa 14 ba bai nuna wani tasiri a kan ɗalibai ba, wanda ya ɗauki dogon lokaci, kimanin awa 49 a tsakaice, shi ne ya ɗaga sakamakonsu. A 2018 Matthew Kraft na Jami'ar Brown da abokan aikinsa suka haɗa bincike 60 a kan tsarin da ake ba malami jagora, wato gogaggen malami da zai shiga ajinsa, ya zauna a baya ya kalli darasi, su zauna bayan an tashi su tattauna abu ɗaya ko biyu da za a gyara, ya sake dawowa mako mai zuwa. Sun tarar yana gyara koyarwa sosai, yana kuma taɓa sakamakon yara, amma amfaninsa yana raguwa idan aka faɗaɗa shirin ya game malamai masu yawa. Ku lura da wannan gaɓa ta ƙarshe, domin tana nufin cewa ƙanƙantar asusun jama'a, wadda muke ɗauka rauni ce, tana iya zama ita ce ƙarfinsa.

Japan ta daɗe da gane haka. Fiye da shekara 100 ke nan malamansu suna da al'adar nazarin darasi: malamai kaɗan su zauna su tsara darasi guda tare, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna kallon yaran, suna rubuta inda yaro ya rikice da abin da ya faɗa, sannan su koma su warware darasin su sake ɗinka shi. Idonsu yana kan ɗalibi, shi ya sa malamin da ke gaban allo ba ya jin an zo kama shi da laifi. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kuma, James Gray ya fara wani shiri a 1974 bisa ra'ayin cewa wanda ya fi dacewa ya koya wa malami koyar da rubutu shi ne wani malamin da ya iya, kuma dole mai koyar da rubutu shi ma ya riƙa rubutu. Shirin ya bazu ya zama na ƙasa baki ɗaya.

Idan kuka duba waɗannan misalai za ku ga cewa abin da suke ci shi ne lokaci. Malami ba zai shiga ajin ɗan'uwansa ya kalli darasi ba sai an sami wanda zai riƙe masa nasa ajin. Ba zai zauna tattaunawa bayan an tashi ba idan yana gaggawar zuwa wani aikin da yake cike giɓin albashinsa da shi. Saboda haka mafi amfanin abin da asusu zai biya sau da yawa shi ne ladan malamin wucin gadi na awa biyu a mako, da ɗan alawus na zaman tattaunawa, da kuɗin motar jagoran da ke zagaya makarantu uku ko huɗu. Babu ɗaya daga cikinsu da za a ɗauki hotonsa a sa a kalanda, kuma wannan ne ya sa shawo kan masu bayarwa a kansu yake da wuya.

Akwai kashi na biyu na batun, wanda mutane suka fi yi wa kallon almubazzaranci, wato tallafin da ake ba malami domin ya ƙaru shi kansa. Tun 1987 gidauniyar Lilly take ba malaman jihar Indiana kuɗi su yi amfani da hutunsu wajen bin wani abu da ke ransu, ko da bai shafi manhaja kai tsaye ba. A 2001 Raymond Plank, wanda ya kafa kamfanin mai na Apache, ya assasa Fund for Teachers, inda malami ke tsara wa kansa abin da yake so ya koyo da inda zai je ya koyo shi, ya rubuta, a tantance, a biya masa. Mai koyar da labarin ƙasa ya je ya ga dutsen da ke aman wuta da idonsa, mai koyar da tarihi ya taka filin da aka yi yaƙin da yake ba da labarinsa shekara da shekaru daga littafi. Ba zan ce muku an auna tasirin wannan a jarrabawa kamar yadda aka auna na jagoranci ba, hujjata a kansa daban ce. Rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, kuma yawan malaman firamare da ke barin aikin ya kusan ninkawa tsakanin 2015 da 2022. Albashi ne babban dalili, babu musu, asusun jama'a kuma ba zai iya gyara albashi ba. Amma mutane suna barin aiki kuma idan suka ji an mayar da su injin maimaita abu ɗaya, babu mai tambayar ra'ayinsu. Ranar da mutanen gari suka ce wa malama, mun yarda da hankalinki, faɗa mana abin da kike so ki koyo, sun ba ta abin da ba ya cikin takardar albashi.

Wannan ya kawo ni ga tambayar wa ke yanke shawara. A 2010 Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, ya yi alkawarin dala miliyan 100 ga makarantun birnin Newark na jihar New Jersey a Amurka, bisa sharaɗin a samo wasu miliyan 100 daga wasu masu bayarwa. An sanar da kyautar a wani shirin talabijin, tare da magajin garin Cory Booker da gwamnan jihar Chris Christie, kuma a nan ne yawancin iyaye da malaman birnin suka fara jin labari. Har yau ana muhawara a kan ko yara sun amfana, akwai alƙaluman da ke nuna an sami ci gaba daga baya, amma babu mai musun cewa an yi shekaru ana rigima da mutanen da aka ce an zo taimaka wa, domin an yi musu aski ba sa nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwamitin da ke raba tallafin malamai, in babu malaman aji masu ƙuri'a a cikinsa, zai riƙa sayen maganin ciwon da ba shi ke damun majinyacin ba.

Yanzu ga ɓangaren da ba a son ji a irin wannan taro. Kuɗin jama'a yana bin arzikin jama'a. Unguwar masu hali tana tara abin da unguwar talakawa ba za ta tara ba ko a shekara goma, kuma idan kowace makaranta ta riƙe abin da iyayenta suka tara, to asusun da aka kafa domin cike giɓi shi ne zai ƙara faɗaɗa shi. Wani rahoto na 2017 ya nuna cewa ƙungiyoyin iyaye da malamai 50 mafi arziki a Amurka sun tara kusan dala miliyan 43 a shekara guda, makarantunsu kuwa ba su da yawan 'ya'yan talakawa. Birnin Portland na jihar Oregon ya daɗe yana bin wata ƙa'ida: makaranta ta riƙe dala 10,000 na farko, abin da ya haura kuma a cire kashi ɗaya cikin uku a zuba a asusun da ake raba wa makarantun marasa ƙarfi. Duk da haka bambancin bai gushe ba, har a 2024 hukumar ilimin birnin ta yanke shawarar komawa ga asusu guda na gunduma baki ɗaya. A gundumar ilimi ta garuruwan Santa Monica da Malibu a Kalifoniya, yunƙurin haɗa gudummawar iyaye wuri guda ya jawo ɓacin rai mai tsanani, ya kuma ƙara rura wutar neman ɓallewa daga gundumar da mutanen Malibu suka daɗe suna yi. Ba na zargin uban da ke son kuɗinsa ya amfani ɗansa, ɗabi'ar ɗan Adam ce. Amma horar da malami ya fi sauƙin haɗawa fiye da gini, domin malamai suna sauya makaranta, kuma zaman nazarin darasi ya fi armashi idan ya haɗa malaman unguwanni daban-daban.

Irin wannan rashin daidaito yana ɓuya har a cikin takardar neman tallafi. Idan fom ɗin ya kai shafi goma, wanda zai cike shi shi ne malamin da ke da lokaci, da kwamfuta, da shugaban makaranta mai ƙarfafa masa gwiwa, wato wanda ya fi kowa rashin buƙata. Sabon malamin da aka jefa aji mai cunkoso a makarantar da ke bayan gari ba zai ma ji labarin ba. Asusu mai hankali yana taƙaita fom, yana zuwa makarantun da ba su taɓa nema ba ya zauna da malamansu, yana kuma karɓar buƙatar rukuni fiye da ta mutum ɗaya.

Sai haɗarin da na fara da shi. Hukuma tana da wayo irin na iyayen da na ambata a Indiya da Zambiya: idan ta ga jama'a sun ɗauki nauyin horo, sai ta janye nata kason a hankali ta kai wani wuri. Dokar tarayya ta Amurka tana da sharaɗi a kan kuɗin da take ba makarantun talakawa, cewa ƙari ne a kan abin da jiha da gunduma ke bayarwa, ba a yarda ya zama madadinsa ba. Ya kamata kowane asusun jama'a ya rubuta irin wannan sharaɗi a yarjejeniyarsa da hukumar ilimi, ya nemi a nuna masa abin da aka ware wa horo bara da bana kafin ya saki ko kwabo, ya kuma kasance a shirye ya dakata idan ya ga ana zamewa.

Game da bin sawun kuɗi, rasit wajibi ne, kuma a karanta wa jama'a lissafi a bainar kowa sau ɗaya a shekara. Sai dai rasit yana nuna an kashe kuɗi ne kawai. A Ingila, gidauniyar Education Endowment Foundation, wadda aka kafa a 2011 da fam miliyan 125 daga gwamnati, tana gwada shirye-shiryen da ta biya, tana kuma wallafa sakamakon ko da ya nuna shirin bai yi amfani ba. Ƙaramin asusu ba shi da ƙarfin yin irin wannan gwaji, amma yana iya aron ɗabi'ar. Bayan wata shida, mutum biyu daga kwamiti, ɗayansu malami, su je ajin wanda aka tallafa wa da izininsa, su zauna a baya, su tambaye shi abin da yake yi yanzu wanda da ba ya yi, su duba littattafan yara na farkon zango da na ƙarshensa, su tambaye shi wa ya koya wa abin da ya koyo. Idan amsar ita ce babu abin da ya canja, a rubuta haka a rahoto ba tare da an muzanta kowa ba, domin malamin da ya san za a hukunta shi idan gwajinsa bai yi nasara ba, ba zai sake gwada komai ba, kuma ba zai faɗi gaskiya ba.

Shugaba ya ɗaga mini takarda karo na biyu, kuma na ga hannuwa sun fara tashi daga can baya inda malaman firamare suke zaune. Ina roƙon a fara ba su dama kafin manyan baƙi.